Ofishin lauyoyin da ya rubuta mana notis ɗin tashi a Kaduna: inda suka ƙware da inda suka gaza

Duk wanda yake riƙe da gidan haya a Kaduna ya san cewa shigar da ɗan haya ya fi fitar da shi sauƙi, kuma shari'o'i da yawa da masu gidaje suke kaiwa kotu a kan takardar notis suke tuntuɓe: wa ya rubuta ta, wane wa'adi aka bayar, kuma ta wace hanya ta isa hannun mutumin. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bayyana ra'ayina game da wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke kusa da titin Ahmadu Bello, wanda ya yi mana wannan aiki a kan gidan gadonmu da ke Badarawa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin tare da yabon da zan yi akwai ƙorafi, kuma abin da ya fi damuna shi ne mai karatu ya san irin aikin da ya kamata ya nema a duk ofishin da ya shiga.

Magada sun yanke shawarar sayar da gidan a raba wa kowa haƙƙinsa, ni kuma aka ɗora wa nauyin sallamar mutum uku da ke ciki. Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin masaƙa, da yake biyan haya shekara-shekara a ɓangaren ciki. Akwai wani matashi da yake biyan ɗaki wata-wata, kuma bashi ya taru a kansa. Akwai kuma mai shagon ɗinki a bakin titi, wanda shi kaɗai ne yake da rubutacciyar yarjejeniya ta shekara 2 da ta kusa ƙarewa.

Abu na farko da ya burge ni shi ne baristan bai taɓa kwamfutarsa ba sai da ya ga takardu. Ya nemi littafin rasit, ya jera rasitan kowane mutum a kan tebur bisa kwanan wata, ya riƙa bin su da bayan biro yana neman ranar da kowa ya fara biya da kuma tsawon lokacin da kowane biya yake ɗauka. Ya ce mini, "Alhaji, mutum uku ne, kuma hayarsu iri uku ce, saboda haka takarda ɗaya ba za ta ishe su ba." Daga nan ya bayyana cewa idan akwai yarjejeniya da ta faɗi tsawon notis, ita ake bi, idan kuwa babu, ƙa'idar da aka saba da ita a dokokin karɓar gidaje a Najeriya ita ce mai biyan mako-mako a ba shi mako guda, mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara-shekara kuma wata 6. Shi kuwa wanda aka yanka wa ƙayyadadden lokaci a rubuce, kamar telanmu, hayarsa da kanta take ƙarewa idan ranar ta zo, ba ya buƙatar notis ɗin tashi. Ya ja hankalina cewa kowace jiha da dokarta, domin Legas tana da dokar haya ta 2011, Abuja tana da tata, don haka kuskure ne mutum ya sauke samfurin notis daga intanet ya canza suna da adireshi ya ɗauka ya gama.

A kan notis ɗin dattijon ne na ga ainihin ƙwarewarsu. Mutane da yawa suna zaton wata 6 yana nufin a ƙirga daga yau kawai, amma tsohuwar ƙa'idar da kotuna suka daɗe suna bi ita ce notis ɗin mai hayar shekara ya cika wata 6 cur, kuma ya ƙare daidai da ƙarshen shekarar hayarsa. Dokar Legas ta sassauta wannan sharaɗi, amma baristan ya ce shi ya fi son ya bi hanyar da babu lauyan da zai samu kafar kushe ta. Ya ɗauki kalanda ya ƙirga a gabana, ya kuma ƙara kwanaki a kan lokacin miƙa takardar, don kada jinkirin isar da ita ya ci wani abu daga wa'adin. Wannan ya sa sayar da gidan ya ja baya fiye da yadda wasu 'yan'uwana suka so, kuma na sha magana a kai, amma ina ganin daidai ya yi.

Kafin ya sa hannu a kan komai, ya sa magada sun ba ni izini a rubuce, ni kuma na ba ofishinsu rubutaccen izinin fitar da notis a madadinmu. Wannan ƙaramin mataki ne da ejan-ejan da yawa suke tsallakewa, alhali ana iya ƙalubalantar notis a kotu idan wanda ya sa masa hannu bai da izinin mai gida a rubuce. Kowace takarda ta fito da sunan ɗan haya cikakke, da bayanin ɓangaren da yake ciki, da nau'in hayarsa, da ranar da ake so ya miƙa mabuɗi, da hatimin lauya. Magatakardansu ne ya kai su hannu da hannu, ya dawo da kwafin da kowa ya sa wa hannu da kwanan wata, domin ranar da aka je kotu abin da za a fara tambaya ke nan.

Sun kuma fayyace mini abin da masu gidaje suka fi mantawa, wato notis biyu ne. Idan wa'adin farko ya cika mutum bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana 7, wadda take sanar da shi cewa mai gida yana da niyyar zuwa kotu neman a karɓar masa gidansa. Ita ce kaɗai mai shagon zai buƙata bayan yarjejeniyarsa ta ƙare. Sai kwana 7 ɗin sun cika cif ake shigar da ƙara, a nemi gidan da bashin haya da kuma kuɗin zaman da mutum ya yi bayan hayarsa ta ƙare. Ko alƙali ya yanke hukunci, ma'aikatan kotu ne suke fitar da mutum.

Na tambaye shi game da hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2021 a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, wanda ake yawan cewa ya nuna kuskuren notis ba ya rusa ƙara idan an riga an isar wa ɗan haya sammaci kuma lokaci ya wuce. Bai ɓoye mini ba cewa hukuncin ya sauƙaƙa wa masu gidaje, amma ya ce lauyoyi suna ta muhawara a kan iyakarsa, kuma ba zai rubuta takarda mai rauni da gangan yana dogaro da shi ba. Wannan amsa ta ƙara mini natsuwa da shi.

Wurin da na fi girmama su shi ne lokacin da wani ƙanena ya kawo shawarar a yanke wa matashin wuta a canza masa kwaɗo, tunda ya ƙi biya kuma ya daina ɗaukar waya. Baristan ya ƙi amincewa kai tsaye. Ya ce cire ƙofa ko kwance kwano ko zubar da kayan mutum waje ba tare da umarnin kotu ba keta haddi ne, ko da mutumin yana da bashi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Iheanacho da Uzochukwu a 1997, don haka mai gida yana iya wayar gari shi ne ake bin diyya. Ya kuma hana mu zuwa ofishin 'yan sanda, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin da bai wuce na yarjejeniya ba. Maimakon haka ya ba da shawarar a zauna gaban mai unguwa, aka zauna, aka yafe wa yaron wani ɓangare na bashin, ya tashi kafin a kai ga takarda ta biyu. Ofishin da yake neman kuɗin shari'a da ba zai nuna mana wannan hanya ba.

Sai dai akwai gazawa guda da har yanzu take damuna. Duk takardun da Turanci aka rubuta su, Turancin lauyoyi mai wuyar sha'ani, kuma magatakardan da ya kai wa dattijon bai tsaya ya yi masa bayani ba, ya karɓi sa hannu ya hau babur ya tafi. Da yamma na tarar da Baba a zaune a kan tabarma a ƙofar gida, takardar a ninke cikin aljihun rigarsa, an riga an ɗaure wasu kaya a tsakar gida, domin wani yaro ya karanta masa ita ya ce an kore shi. Ya ce mini, "Ɗana, shekarun nan duka da na yi da mahaifinku, ko sallama ba za a yi mini ba?" Sai da na zauna na nuna masa ranar da ke jikin takardar, na tabbatar masa yana da fiye da rabin shekara, sannan hankalinsa ya kwanta. Gaskiya ne Turanci ne harshen da ake shigar da irin waɗannan takardu da shi a kotu, amma babu abin da zai hana ofishin da ke tsakiyar Kaduna, wanda ma'aikatansa duka suna jin Hausa, ya haɗa da fassara ta shafi guda, ko ya umarci mai kai takarda ya yi bayani da baki. Manufar notis ita ce mutum ya san ranar da zai tashi ya shirya. Da na kai ƙorafin, baristan ya amsa cewa za su duba, amma takardar kwana 7 da aka kai wa telan daga baya ita ma haka ta tafi babu fassara.

Batun kuɗi ma bai fito sarai ba tun farko. An faɗa mini kuɗin rubuta notis, ba a faɗa mini cewa kai kowace takarda yana da nasa cajin ba sai da aka zo biya, ko da yake sun ba da rasit a kan komai kuma jimillar ba ta wuce hankali ba. Samun baristan a waya da safe yana da wuya saboda yana kotu, kuma wadda take zaune a ofis ba ta iya amsa tambaya a kan fayil.

Zan iya tura mai gida wannan ofishi, musamman wanda yake da masu haya iri-iri ko gidan gado mai magada da yawa, domin ƙirgensu daidai ne, takardunsu a tsare suke, kuma ba sa zuga mutum ya ɗauki doka a hannunsa. Amma ya tafi da rasitansa da yarjejeniyarsa, ya nemi a rubuta masa dukkan kuɗin da zai biya kafin a fara, kuma idan ɗan hayarsa ba ya karanta Turanci, ya je da kansa ya yi masa bayani kafin magatakarda ya iso. Ɗan hayar da aka miƙa wa irin wannan takarda kuma bai da halin ɗaukar lauya, yana iya kai ta ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa da ke Kaduna ya nemi a duba masa ko wa'adin da aka ba shi ya cika.