Gargaɗi ga masu ƙere-ƙere a Jidda da Makka: babu wata takarda mai suna "rajistar duniya"

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan saƙo na masu sana'ar hannu ne musamman, makanikai da masu walda da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda Allah ya hore wa basirar ƙera abin da babu shi a kasuwa. Wasu mutane sun shigo zaurukanmu na WhatsApp suna tallar cewa za su yi wa ƙirƙirar mutum "rajistar duniya", su kuma haɗa shi da masana'antun Sin. Damfara ce, kuma ta riga ta ci wani ƙaninmu mai tura keken marasa lafiya a Makka, wanda ya ƙera wa keken wani birki mai riƙe shi a gangare.

A TikTok suka gan shi. Suka yi ta kuranta shi tun ba su taɓa birkin da hannunsu ba, suka ce za su duba masa kyauta. Bayan kwana kaɗan sai ga rahoto mai hatimi da tambari, wai abin zai karɓu a Turai. Daga nan kuɗi suka fara fita: na bincike, na zane, na fassara, duk ta asusun wani mutum, babu ko ɗaya da ya bi ta SADAD, tsarin da ake biyan kuɗin hukumomi ta cikinsa a Saudiyya.

To, ku sani, duk duniya babu takarda guda da ke kare ƙirƙira a kowace ƙasa. Kowace ƙasa ko ƙungiyar ƙasashe ita ke ba da tata. A nan Saudiyya hukumar kare haƙƙin fasaha, SAIP, ita ke bayar da bara'a, wato takardar mallakar ƙirƙira, kuma kariyar shekara 20 ce daga ranar shigar da buƙata, da kuɗin da ake biya duk shekara. Abin da macutan ke fakewa da shi shi ne yarjejeniyar PCT ta WIPO, hukumar haƙƙin fasaha ta duniya da ke Janeba, wadda Saudiyya ta shiga a 2013. Ita wannan ba ta ba ka mallaka. Lokaci kawai take ba ka, galibi wata 30, kafin ka bi ƙasashen da kake so ɗaya bayan ɗaya, kowace da kuɗinta. Mai son kariya a gida sai ya nufi ofishin rajista na Abuja, ɗan Nijar kuma OAPI, ƙungiyar rajista ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yawunde.

Wannan sana'a tsohuwa ce. A 2017 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kotu ta rufe wani kamfani a Miyami da ya karɓe wa masu ƙirƙira kusan dala miliyan 26 da irin wannan romon baka. Can tun 1999 doka ta tilasta wa irin waɗannan kamfanoni su faɗa wa mutum a rubuce mutane nawa cikin abokan cinikinsu suka samu fiye da abin da suka biya. Ku yi wa namu wannan tambayar, za ku ga an sauya zance.

Kuɗi dai idan sun tafi ana iya nemo wasu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar suna. Sukan ce wa mutum, "Ai mai iƙama ba ya rajista da sunansa, bari a sa sunan kamfaninmu." Ƙarya ce. Baƙo na da damar shigar da buƙata da sunansa, da kansa ko ta hannun wakilin da hukuma ta ba lasisi. Kuma a dokar nan, idan mutum biyu suka zo da abu iri ɗaya, wanda ya riga shigarwa shi ke gaba. Ka miƙa zanenka, ka yarda an sa sunan wani, ka bai wa kura ajiyar nama. Idan kuma suka ƙara da cewa a buɗe kasuwanci da sunan ɗan ƙasa kai kana juya shi a ɓoye, wannan tasattur ne, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ga kora daga ƙasa. Da gangan suke jefa mutum ciki, don sun san daga nan bakinsa ya mutu, ba zai iya kai ƙara ba.

Mu ma akwai gyara a wajenmu. Son a yaba mana ya sa muna ɗora bidiyon abin da muka ƙera, har da yadda aka harhaɗa cikinsa. Sharaɗin farko na bara'a shi ne abin ya kasance sabo, ba a bayyana shi ga jama'a ba, kuma bidiyonka na iya zama hujjar da za a ƙi ka da ita. Ka riƙe sirrinka. Ka rubuta komai a littafi da kwanan wata, wanda zai taya ka aiki ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Ka shiga Google Patents ko Espacenet, shafukan binciken ƙirƙira a intanet, kyauta ne, ka duba ko wani ya riga ka. Sau da yawa za ka tarar an riga ka ɗin, gara ka sani tun aljihunka na da nauyi. Idan a shagon maigidanka ka ƙera abin, da kayan aikinsa, ka duba kwantiraginka, domin doka na iya ba shi haƙƙi a kai.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasit da hirarrakin da suka yi, ya daina tura zane, ya sanar da bankinsa. Ana kai ƙarar zamba ta intanet ta manhajar Kulluna Amn, ta kasuwanci kuma ta lambar ma'aikatar kasuwanci, 1900. Masu kula da zauruka, don Allah duk wanda ya sake ɗora wannan talla ku nemi lambar lasisinsa ta SAIP, in babu ku fitar da shi.