Gyaran inji ko wayarin mota: wanne ƙanenka zai koya?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka ya gama sakandare, ransa na kan gyaran mota, amma kun rasa wanda zai kama tsakanin aikin inji da na wayarin, kuma kana so ka san wanda ya fi makoma. Shawararmu ita ce ya fara da inji, ya ƙare a wayarin. Ga dalili.

Makaniken inji jikinsa ne jarinsa. Yini yake a sunkuye ko a kwance ƙarƙashin mota, yana sauke giyabos, yana canza kulochi, yana sa ringi da gasket. Sai dai ƙarfi kaɗai ba ya aikin. Idan gasket ta ƙone, kafin a sa sabuwa sai an ɗora ƙarfe madaidaici a kan injin an auna ko ya lanƙwashe. A injuna da yawa, lanƙwasar da ta kai milimita 0.1 sai an kai an goge. Ƙusoshin kan injin kuwa daga tsakiya ake fara ɗaure su zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai auna ƙarfi. Wanda ya ɗaure da ƙiyasin hannu, ko bai binciki abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko ba, lagireto ne ko famfon ruwa, motar za ta dawo masa da ruwa a cikin baƙin mai. Wahalar jikin kuma gaskiya ce: ciwon baya da gwiwa, tsohon mai da ke ɓata fata, ƙurar birki, da haɗarin shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba tare da matokara ba.

Mai wayarin shi kansa ne ke gajiya. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da soket ɗin OBD-II mai rami 16 a ƙasan sitiyari, Turai ta biyo baya a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Nan ake jona na'urar gwaji, kuma nan ne sababbin hannu suke faɗawa. Na'urar ba ta faɗin abin da ya lalace, ƙorafin kwamfutar mota kawai take kawowa. Lambar P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a inji. Wanda bai ƙware ba zai canza sensar hayaki, motar ta dawo bayan kwana biyu. Gwani zai fara neman tiyon da ya tsage yana shan iska, ya auna matsin famfon fetur, ya duba ko sensar iska ta yi datti, sannan ya zargi sensar hayakin. Ka ga wanda bai taɓa buɗe inji ba, ta ina zai san inda iska ke sata? Abin da ya sa muka ce ya fara da inji ke nan, ko da shekara biyu ce.

Akwai alƙaluman da dole su zauna masa a ka. Batir mai lafiya a kashe yana nuna bolt 12.6, inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Motar da ke kashe batir cikin dare, a rufe ta a jira kwamfutocinta su yi barci, sannan a auna. Abin da ya haura miliyamfiya 50 akwai mai shan wuta, sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Idan kwamfutocin sun daina magana da juna, a cire kan batir a auna tsakanin rami na 6 da na 14 na soket ɗin OBD-II, ya kamata a ga om 60. Kuskure a nan shiru yake amma yana da tsada. Sa fitilar gwaji a wayar jakar iskar da ke kare mutum a lokacin haɗari, mai soket ruwan ɗorawa, na iya fasa jakar, a wayar kwamfuta kuma ya ƙone ta. Ga karatu: zanen wayoyin galibi da Ingilishi yake, na'urorin gwaji masu kyau kuma ana sabunta manhajarsu da kuɗi duk shekara.

Wajen samu, mai inji ya fi saurin fara karɓar kuɗi, don mai mota yana ganin abin da aka ciro. Mai wayarin zai yi awa uku yana bincike, ya tarar waya ɗaya ce ta gogu da ƙarfe, ya gyara cikin minti biyar, mai mota ya ce me aka yi? Dole ya koyi yanka kuɗin bincike daban tun kafin ya taɓa motar. Amma idan ya yi suna, garejin wasu ne ke kiransa kan motar da ta gagare su.

Batun gaba kuwa, tun da Toyota ta fitar da Prius a 1997 lantarki ke ƙara cin wurin inji. Motar lantarki zalla ba ta da filogin inji, ba juyen mai, ba bel ɗin taimin, amma tana da birki, taya, shokazoba, na'urar sanyi da famfunan sanyaya batir. Batirinta yakan kai bolt 400, wasu 800, wayoyinsa ruwan lemo ne, kuma ba a taɓa su sai da horo na musamman da safar hannu mai jure bolt 1,000. Wannan ba ya nufin aikin inji ya mutu. A Amurka ma matsakaicin shekarun motar da ke kan titi ya haura 12, ga manyan motocin dizal, tarakta da janareta da za su daɗe suna neman makanike.

Idan ƙanenka ba ya jure zama da takarda da mita, kada a tilasta masa wayarin, ya zurfafa a dizal ko giyabos mai sarrafa kansa. Idan yana da haƙurin bin waya, tun yana koyon injin a saya masa mitar auna wuta da littafin rubutu, ya riƙa rubuta lambar kowace mota da abin da aka gano a ƙarshe ya jawo ta.