Gidan sauro, igiyar leƙo ko man shafawa: wanne ya kamata a saya?

Kafin a fitar da kuɗi, a san lokacin da sauron ke cizo. Anofilis mai kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake aiki. Aedes mai yaɗa zazzaɓin dengi da shawara kuwa da rana yake cizo, musamman da safe da bayan la'asar. Ga kuma baƙon Anofilis mai suna Anopheles stephensi, ɗan asalin kudancin Asiya da yankin Larabawa, wanda aka gani a Jibuti a 2012, sannan Habasha da Sudan, har ya ɓulla a Gombe a 2020. Shi a tankin ruwa da durom yake hayayyafa, ko rani bai cika hana shi ba.

In kuɗin na abu ɗaya ne, to gidan sauro mai magani za a saya, amma a karanta jikin ledar. Mai pyrethroid kaɗai, wato maganin ƙwarin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro, ya fi araha, sai dai sauron Afirka ta Yamma ya riga ya saba da wannan magani. Mai ƙarin sinadarin PBO, irin PermaNet 3.0 ko Olyset Plus, yana raunana wannan juriya. Mai ƙarin wani maganin ƙwari daban, chlorfenapyr, irin Interceptor G2, shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2023 a inda sauro ya fi ƙarfin pyrethroid. Zare mai denier (ma'aunin kaurin zare) 100 ya fi mai 75 jure yaguwa. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a ɗaura. A wanke da sabulu mara kaifi, banda bilic, banda shanyar rana, domin suna kashe maganin. Yakan kai shekara 3 ko wanki 20, muddin ana ɗinke huda ana kuma cusa gefensa ƙarƙashin katifa.

Igiyar leƙo ta zaman tsakar gida ce. A rufaffen ɗaki hayaƙinta na tayar da asma, kusa da labule kuma gobara ce. Maganin feshi na gwangwani yana kashe sauron da ke ɗaki a lokacin, na gobe zai shigo idan taga ba raga. Fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalba ba takarda kada ma a kusance ta: gubar ƙwarin gona ce, kuma yara kan sha ta bisa kuskure.

Sauron rana sai man shafawa mai sinadarin korar sauro, wato DEET kashi 20 zuwa 30 cikin 100, ko picaridin kashi 20. A shafa inda tufafi bai rufe ba, banda ido, baki da tafin hannun yaro. Jaririn da bai kai wata 2 ba ba a shafa masa, sai dai a rufa masa raga.