Sikanin ɗin mahaifa: yadda ta kasance da ni

Wata 4 na yi ina fama da yawan jinin al'ada da ciwon mara kafin likita ta rubuta mini takardar sikanin. Ban taɓa yi ba, kuma abin da na ji a bakin mata fargaba kawai ya ƙara mini.

An ce in sha ruwa kamar lita 1 awa guda kafin lokacina, kada kuma in yi fitsari. Na yi yadda aka ce. A nan ne wurin sikanin ɗin ya ɓata mini rai: ƙarfe 10 aka ba ni, ba a kira ni ba sai 11 saura kwata. Mace tana zaune mafitsara cike taf, bai kamata a bar ta haka ba tare da ko sannu ba.

Da na shiga ɗakin kuwa, sai lamarin ya sauya. Ma'aikaciyar ta ja labule, ta rage haske, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da jira. Kwanta ki ɗaga riga kaɗan." Ta matsa mini jel a mara, sanyinsa har cikin ƙashi, ta fara zagayawa da kan na'urar tana dannawa. Na tambaye ta amfanin ruwan nan da ya hana ni sakat. Ta ce cikakkiyar mafitsara tana ture hanji gefe, sautin na'urar kuma ya fi ratsa ruwa, sai mahaifa ta fito sarai a allo. Sauti ne kawai, babu irin hasken da ake amfani da shi a hoton ƙashi.

Bayan minti 10 ta ce in je in yi fitsari, tana son ta duba ta ƙasa, idan na amince. Wannan "idan kin amince" ita ce ta kwantar mini da hankali. Ta nuna mini abin da za a saka ɗin a hannunta: siriri ne, an sa masa riga ta roba sabuwa, an shafa jel. Ta tambaya ko roba tana sa ni ƙaiƙayi, ko ina son nas ta tsaya kusa da ni, ko na fi son in saka da kaina. Ta lulluɓe ni tun daga ƙugu har gwiwa. Ban ji zafi ba, sai ɗan nauyi lokacin da ta karkata shi hagu da dama tana neman jakar ƙwai. Ta ce duk sanda na ce a tsaya, za a tsaya. Budurwa kuwa, galibi ta saman ciki kaɗai ake yi mata.

Ta auna kaurin bangon cikin mahaifa, ta nuna mini wani ɗan dunƙule a allo, ta ce ƙari ne irin wanda ake kira faibiroid, amma likita ce za ta yi mini cikakken bayani. Na so ta ƙara magana, sai dai na ga gaskiyarta.

Duka aikin bai kai rabin awa ba, na fito da takardata a hannu. Likita ta ce in sake yi bayan wata 6. Can zan koma, wurin ma'aikaciyar nan, amma zan roƙi a sa ni ta farko da safe.