Shatar mota zuwa Zariya: direban ya fi motar

Kamfanin da na ɗauki shatar motarsu a nan Kano, zuwa Zariya da dawowa, ba zan yabi motarsu ba. Corolla ce da ta sha jiki, na'urar sanyinta ta mutu tun muna Kura, ga kuɗin ba sauƙi. Direban da suka haɗa mu da shi ne ya sa zan sake komawa wurinsu.

Dattijo ne, ba ya gudu, ba ya taɓa waya yana tuƙi. Hajiyarmu na kai biki, kuma da ta ga gonakin shinkafar Kadawa shar sai ta ce, "Malam, sassauta mu ba ido abinci." Ya sassauta, bai ɓata rai ba.

Mun isa da wuri, sai ya ce bari ya zaga da mu ta Wusasa mu ga duwatsu. A nan muka yi kiciɓis da wani ginin ƙasa, na ɗauka gidan wani basarake ne. Ashe coci ne, St. Bartholomew, wanda 'yan mishan ɗin CMS, wata ƙungiyar yaɗa Kiristanci daga Ingila, suka gina a 1929 da suka tashi daga cikin birnin Zazzau. Da izinin mai gadi muka leƙa. Katanga mai kauri, bakan gizo a sama irin na Gidan Makama, ciki sanyi ƙalau alhali waje rana na dukan tsakar ka. Hajiya ta shafa bangon ta ce, "Wannan hannun maginanmu ne." Ni da na tashi ina ganin cocin Sabon Gari na bulo da kwano, ban taɓa zaton akwai na tubali ba.

Direban ya san wurin sarai. Shi ya nuna mana asibitin St. Luke, ya ce a nan Wusasa ne Janar Yakubu Gowon ya tashi, ya kawo zancen Likita Miller, Baturen mishan ɗin, da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932. Bai cika mu da surutu ba, sai an tambaye shi.

Kafin magariba muna Na'ibawa. Sai dai duk zagayen da ya fita daga hanya, ku za ku biya kuɗin mansa, kuma a ofis ba sa faɗa sai an dawo. Ku yi wannan cinikin tun kafin a tayar da mota, ku kuma sa a kunna muku na'urar sanyi a gabanku.