Kwafin zanen Rothko: ya ƙawata bango, amma ba jari ba ne

Abin da na saya kwafi ne na zanen Mark Rothko, shahararren mai zane na Amurka, mai suna Orange, Red, Yellow, bugun inji a kan takarda mai kauri, daga wani shagon intanet a nan Ingila. Na ɗauki mafi girman da suke da shi, tsayinsa ya kusa mita guda, kuma har da firam kuɗin bai kai fam 100 ba. Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi. Kwalin mai ƙarfi ne, an lulluɓe kusurwoyin firam ɗin da soso, ko ƙwarzane babu. Jan ya fito sosai, ruwan lemon bai koɗe ba, kuma gefunan nan da wani launi ke narkewa cikin wani, waɗanda da su ake gane hannun Rothko, injin bai datse su da layi ba kamar yadda bugu mai araha ke yi.

Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aikin mutumin nan na ainihi zai gane abin da ya ɓace. Asalin wannan zane, na 1961, tsayinsa da faɗinsa duk sun haura mita biyu. Rothko so yake mai kallo ya matso dab da ƙyallen, har launi ya cika masa ido. Kuma ba shafe ɗaya yake yi ba. Yakan tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa, wani lokaci ya haɗa da ƙwai ko gam, ya shafa, ya bari ya sha iska, ya sake shafawa, ta yadda launin ƙasa zai riƙa leƙowa ta cikin na sama. Na ga wannan da idona a Tate, gidan baje kolin zane-zane na Landan, a ɗakin da aka rataye manyan zane-zanensa masu ja mai duhu da baƙi, an rage hasken fitila. Idan ka daɗe a tsaye sai ka ga kamar launin yana numfashi. Ita kuwa takarda, tawada ta zauna a kanta, shi ke nan.

Ban ɗora wa shagon laifin wannan ba. Abin da ya ɓata mini rai wata 'yar takarda ce da suka saka a kwalin, mai lamba da hatimi, wai kwafin ƙididdigagge ne kuma darajarsa na iya hawa nan gaba. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ina jin tsoron akwai masu ƙara kuɗi saboda ita. Rothko ya mutu tun 1970. Bai ga wannan bugu ba, balle ya sa masa hannu.

Na san inda kwaɗayin ya samo asali. Asalin zanen nan an yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Christie's a New York a watan Mayun 2012 kan dala miliyan 86.9. Kafin nan, wani zanensa mai suna White Center, wanda attajiri David Rockefeller ya saya a 1960 kan ƙasa da dala 10,000, an sayar da shi a gidan gwanjo na Sotheby's a 2007 kan dala miliyan 72.8. Amma abin da attajiran nan ke biya shi ne ƙyallen da hannunsa ya taɓa, wanda babu na biyunsa, da kuma sanin hannun wa da wa ya ratsa kafin ya zo gare su.

Shi kansa mai zanen bai ga irin waɗannan kuɗi ba. An haife shi a 1903 a Dvinsk, garin da yanzu ke cikin Latbiya, ya isa Portland ta Amurka a 1913, ya shiga jami'ar Yale ya bari bai gama ba. Ya shafe sama da shekara 20 yana koya wa yara zane a Brooklyn don ya ci abinci. Sai wajen 1949, yana da shekara 46, ya kama salon da duniya ta san shi da shi, zanen da ba mutum, ba itace, ba gida, sai faffaɗan launuka a jere. A 1958 aka ba shi kwangilar dala 35,000 ya ƙawata gidan cin abinci na Four Seasons a ginin Seagram da ke New York. Ya yi aikin, daga baya ya ga wurin bai dace da shi ba, ya mayar da kuɗin da ya karɓa ya riƙe kayansa. Tara daga cikinsu su ne ya bai wa Tate kyauta, suka isa Landan ranar 25 ga Fabrairun 1970, ranar da ya kashe kansa a ɗakin aikinsa. Mutumin da ya yi haka, yana yi mini ciwo in ga ana tallar sunansa da alƙawarin riba.

Kasuwar ma ba ta taɓa zama mai tsabta ba. Bayan mutuwarsa, waɗanda ya bar wa amanar gadonsa suka sayar wa gidan dillancin Marlborough zane 100 kan dala miliyan 1.8 kacal. 'Yarsa Kate ta kai ƙara, a 1975 kotu ta tsige su, ta ci su tarar sama da dala miliyan 9 su da dillalan. Gidan Knoedler kuma, wanda ya shekara 165 yana wannan sana'a a New York, ya rufe a 2011 bayan an gano ya yi ta sayar da jabu, ciki har da Rothko na ƙarya kan dala miliyan 8.3, wanda wani mai zane ɗan China ya yi a unguwar Queens. Idan sunan irin wannan gida bai mayar da jabu na gaske ba, ina ga hatimin shagon intanet?

Mai son kwafin ya saya, zai ji daɗinsa. Ya zaɓi takarda marar sheƙi, ya ɗauki babba, domin ƙarami bai da maraba da katin gaisuwa. Gilashin da suka saka a nawa yana ɗaukar hasken taga da rana, don haka gara a nemi marar ƙyalli ko a rataye shi a bangon da ba ya fuskantar taga. A kuma sauko da shi ƙasa-ƙasa, kamar yadda Rothko yake son a rataye nasa. Idan suka nemi ƙarin kuɗi don mai lamba da hatimi, a ce musu a'a.