Layin masu sauri a filin jirgin Schiphol ya fitar da ni kunya

Ruwan sama ya riƙe mu a Legas, muka sauka a Schiphol, filin jirgin Amsterdam, da sassafe, saura mini minti 55 jirgin Berlin ya tashi. 'Yata ce ta haihu a can, ga jakar hannuna cike da kayan jariri.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: Holand da Jamus duk suna cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da galibi ba a duba fasfo idan za a tsallaka daga wata zuwa wata, don haka a Amsterdam ake duba fasfo da biza, ba a Berlin ba. Kafin nan ma sai an sake binciken jakar hannu. Da na hango cunkoson wurin duba fasfo, gabana ya faɗi.

Sai na ga allo a sama ɗauke da lambobin jiragen da suka kusa tashi. Idan naka yana ciki, akwai layinku daban. Wata ma'aikaciya ta dubi takardar shiga jirgina, ta ɗaga igiyar ta nuna mini hanya. Mutum shida ne a gabana. Jami'in ya tambaye ni ina za ni, kwana nawa zan yi. Na miƙa wasiƙar gayyata da tikitin dawowa, waɗanda dama suna hannuna, ba a ƙasan jaka ba. Wannan ya taimaka ƙwarai.

Filin gini ɗaya ne, ba sai an hau jirgin ƙasa ba, amma akwai tafiyar ƙafa, a sa takalmi mai daɗi. Na isa ƙofa ina haki ana kiran sahun ƙarshe. Akwatina ma ya iso Berlin tare da ni, alhamdu lillahi.